Karan Gonar Malam

Da kakar bana shekara tara ke nan da rasuwar maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara a jarida ba. Malam nake ce masa, Malam zan ce masa a nan. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan dama fura in raba wa maƙwabta, a yi masa addu'a, in shiga ɗaki in yi 'yar ƙwallata, shi ke nan. Bana ne kawai na ji sai na rubuta, saboda bana ne babban ɗanmu ya kwashe karan gonar tudu kaf, ya share ta fes kamar za a yi sallar idi a ciki, alhali shanun Sambo suna kan hanyar saukowa daga arewa.

Wanda ya tashi a birni zai ce to mene ne a ciki, kara ne fa. Ni ma da haka na fara. 'Yar Konni ce ni, babana direban babbar mota ne, abin da na sani game da hatsi shi ne a kasuwa ake auno shi. Aikin koyarwa ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Bazaga, nan na haɗu da Malam, nan na yi aure, nan kuma na tsufa. Har yau Madan suke ce mini, yadda ake ce wa duk malamar lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu, ko da yake na daɗe da aje alli.

Ga yadda na tarar ana yi. In an gama girbi an kai hatsi rumbu, Malam ba ya taɓa karan gonar tudu. Na Sambo ne. Sambo Bafillatani ne makiyayi. Da damina yana can arewa da garkensa, inda babu gonakin da shanu za su yi wa ɓarna. In kaka ta yi aka saki gonaki, sai ya sauko da iyalinsa su kafa bukkoki a gindin gawon da ke tsakiyar gonarmu. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, su bar mana taki. Bayan ɗan lokaci a matsar da makwancinsu gaba, a haka har a zagaye gonar. Malam ya ba shi hatsi da shayi da sukari, matarsa Dija ta kawo mini nono in ba ta dussa. 'Yan shanun da Malam ya tara ɗaya bayan ɗaya ma a garken Sambo suke zaune, amana, su tafi arewa tare su dawo tare. Uban Sambo da uban Malam suka fara abin, 'ya'yan suka tarar suka ci gaba.

Shekarar farko da aurenmu sai da muka yi faɗa a kan karan nan. Dangar gidanmu ta faɗi ta wajen gabas, awakin maƙwabta suna shigo mini har madafa, ni kuwa ina ganin kara jibge a gona wanda ya isa a kewaye unguwa. Na ce masa wane irin namiji ne zai bar gidansa a buɗe don ya ciyar da shanun wani? Ni ba mai haƙuri ba ce, duk garin sun sani, in na fara ba na tsayawa sai numfashi ya ƙare. Ya bar ni na gama, yana ta gyaran igiyar guga kamar ba da shi nake ba. Sannan ya ɗago ya ce, "Madan, shanun nan su ka noma muna hatsin baɗi. Ni dai shuka nika yi." Kashegari ya tafi daji ya yanko gamba, ya saƙa zana da hannunsa ya rufe mini dangar. Karan kuwa ko ɗaya bai zare ba.

Haka yake. Mutum ne mai sanyi har ya ba ka haushi. In ka bi shi kasuwa ka shiga uku, don ba ya wuce mutum bai tsaya ya tambayi gida da yara da gajiya da dabbobi ba. Bai iya tsawata wa yaro ba, ni ya bar wa wannan aikin, har na zama dodon gida shi kuma ya zama inuwa. Yaro ya yi laifi ya ruga bayansa, in zo da tsumagiya, sai ya ce mini ai ya riga ya yi masa faɗa. Ƙarya ce, Allah ya yafe masa, bai yi ba. Ba shi da dukiya, bai kuma damu ya samu ba, abin da ya sha haɗa mu ke nan. Amma a duk zaman da muka yi bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa cin wani abu mai daɗi a waje bai ƙullo mini saura a bakin rigarsa ba. Na so shi ƙwarai, kuma ban iya gaya masa ba, don mu ba a koya mana faɗin irin wannan ba.

Tun ana tsinkar wake za ka ga hankalinsa ya koma arewa. Sai ya ce zai je duba rumbu, alhali kan tudu yake hawa ya leƙa burtali, hanyar nan da aka bar wa shanu tsakanin gonaki. Ranar da garken ya iso kuwa har tafiyarsa takan canza. Ya yi ta gwada Fillancinsa, wanda ko ni da ban iya ba na san ba daidai yake ba, Dija ta rufe baki da mayafi tana dariya. Shi da Sambo sai su zauna a gindin gawo tun azahar har rana ta yi sanyi, butar shayi a tsakaninsu, maganar da za su yi ba ta fi a ƙirga ba. Na taɓa tambayarsa me suke tattaunawa haka. Ya ce ba komi, zama dai suke yi.

Ɗan farinmu, wanda shi ma ba na kiran sunansa, Babba muke ce masa, a rugar nan ya yi rabin ƙuruciyarsa. A cikin gari Malam ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi, saboda kunyar ɗan fari. Amma da sun fita bayan gari sun kama hanyar gona, inda ba idon mutane, sai ya saɓa shi a wuya su tafi. Na gan su da idona daga bakin rijiya, na yi kamar ban gani ba. A wurin Sambo Babba ya koyi tatsa, Baffa yake ce masa, kuma in an tashi komawa arewa sai an ɓoye masa, in ba haka ba ya bi shanu yana kuka.

Ciwon Malam bai daɗe ba. Da girbi ya fara, aka kai shi likita a Konni, aka dawo da shi, Allah ya yi ikonsa kafin a gama kai dami gida. Sambo bai ji ba, don lokacin ba shi da salula. Ya iso kamar yadda ya saba, sai ya tarar da tabarmin gaisuwa a ƙofar gida. Aka ce mini ya durƙusa a gefe ya jingina goshi da sandarsa. Babba ne da kansa ya tashi ya kama hannunsa ya kai shi gona. Duk tsawon takabata Dija ba ta fasa kawo mini nono da safe ba, ta kuma ƙi karɓar dussa. Da na matsa mata sai ta ce in na sake auna mata wani abu za ta zubar da nonon a gabana. Tun daga nan Babba ya riƙe abin yadda ubansa ya bari, shekara bayan shekara, har zuwa bana.

Da Malam zai leƙo yau, ban san ta ina zan fara yi masa bayani ba. Kara ya zama haja. Kowa ya ɗaure rago ko sa a turke yana kiwo, kafin a gama girbi an ɗaure kara da harawa an ɗora a kan itatuwa da rufin ɗaki, sauran amalanken jaki ya kwasa ya nufi kasuwa. Burtalin da garke ke wucewa a sake, yanzu wani wurin sai shanu sun bi layi, don mu manoma mun yi ta cin gefensa kaɗan-kaɗan, kada mu yi wa kanmu ƙarya. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi shi ne tsoro. Tun da masu bindiga suka fara yawo a kan babura a bakin iyaka, suna kore dabbobi suna ɗaukar mutane, duk baƙon da ya riƙe sanda sai an dube shi sau biyu. A majalisa ana cewa wanda ya sauki makiyayi a gonarsa ya sauki idon ɓarayi. Shi kansa Sambo an kore masa shanu a can daji, amma wannan ba mai kawo shi cikin zance.

Daga baya na ji cewa wasu dattawan unguwa sun tare Babba bayan sallar Juma'a. Suka gaya masa ba su hana shi ba, gonarsa ce, amma in wani abu ya faru a garin shi zai amsa. Bai gaya mini ba. Ni dai na ga amalanke yana ta shigowa da kara ana jibgewa a bayan gida, na tambayi matarsa daga ina, ta sunkuyar da kai ta ce daga tudu.

Ranar na yi masa wankin babban bargo. Na tuna masa wuyan da ya hau, da nonon da ya sha, da wanda ya kama hannunsa ya kai gona muna cikin makoki. Na ce masa ashe haka zai yi wa ubansa tun ƙasa ba ta gama cinye shi ba. Wannan ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa. Ya tsaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Inna, zamanin Baba ba shi ne wanga ba. Ina da ɗiya cikin gidan ga."

Na yi ta juya maganar a raina. Abu ne mai sauƙi in ce da Malam yana nan da bai yi haka ba. Mamaci ba ya musu, duk abin da ka ɗora masa ya ɗauka. Amma gaskiya ban sani ba. Malam bai taɓa kwana yana sauraron ƙarar babur ba. Bai taɓa ganin mutanen da yake sallah da su sahu ɗaya suna yi masa kallon zargi ba. Shi da bai iya ce wa kowa a'a ba, wa ya san wa zai kasa ce wa a'a, Sambo ko dattawan unguwa? Abin da na tabbata kawai shi ne ba zai zagi yaron ba kamar yadda na zage shi. Zai zauna kusa da shi ya yi shiru, kuma shirun nan nasa ya fi faɗana aiki tun suna ƙanana.

Da la'asar garken ya iso. Masu dawowa daga daji suka ce Sambo ya tsaya a bakin gonar ya dube ta, ya dubi gawon, sai ya juya shanunsa ya koma can gefen burtali suka sauke kaya a kan fako. Dija ba ta shigo gari ba. Na ajiye mata dussa a ƙwarya, haka ta kwana a rufe.

Da hantsi sai ga Sambo a ƙofar gida, ya tsufa ya rame, yana jaye da shanunmu. Duk ya kawo su, har da 'yar maraƙar da aka haifa a arewa wadda ba mu taɓa gani ba. Wanda bai san makiyaya ba ba zai gane nauyin wannan ba. Makiyayi ba ya dawo maka da amanarka ba ka tambaya ba, sai in ya ga zaman ya ƙare. Ina daga cikin zaure ina jin su. Bayan sun gaisa ya miƙa wa Babba igiya ya ce ga amanar Malam, ya duba su da kyau.

Babba ya ce, "Baffa, ban ce ka kawo su ba."

Sambo ya ce, "Na ga gona, ɗana. Ba sai ka ce ba."

Babu fushi a muryarsa, da ma da fushin ya zo da ya fi mini sauƙi. Ya ce bai ga laifin kowa ba, shi ma yana da 'ya'yan da yake jin tsoro dominsu, kuma ba gonarmu ce ta farko da ya tarar a share ba, ita ce dai ta ƙarshe da ta rage masa a wannan hanya. Abu ɗaya ya roƙa, a kai shi kushewar Malam ya yi masa addu'a, don bai san ko hanya za ta sake biyowa da shi ta nan ba. Suka tafi su biyu, tsohon a gaba Babba a baya.

Ban san abin da aka yi a maƙabarta ba. Ban tambaya ba, ba a kuma gaya mini ba. Babba ya dawo shi kaɗai, aka kai masa fura ya ce a ajiye. Shanun kuwa aka ɗaure su a bayan gida, ga kara tuli a gabansu, suka ƙi ko sansana shi. Yini suka yi suna kuka, sun juya fuska wajen burtali, daga can kuma 'yan'uwansu na amsawa. Duk unguwa an ji. Ni dai na shige ɗaki na ja ƙofa, don ban san wa zan ji wa tausayi ba, tsohon ko ɗana.

Kashegari da safe na fito na tarar Babba yana loda kara a amalanke. Na ɗauka kasuwa zai kai, na kau da kai. Sai na ga ya fita ya bar hanyar Konni a bayansa, ya kama hanyar tudu, ta tsakiyar gari, ta gaban majalisa, rana tsaka kowa na kallo. Wani daga cikin masu zaman ya ɗaga murya ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin kara yana komawa gona ba, ko Babba ya fara taɓuwa ne. Wasu suka yi dariya. Wasu ba su yi ba, kuma su ne na fi lura da su.

Kada in gyara labarin ya fi yadda yake. Sambo bai taso da gudu ba. Sai da Babba ya je ya durƙusa a gabansa, ya koma ya sake zuwa, sannan ya yarda ya matso gindin gawo, shi ma da rabin garke, 'ya'yansa suka wuce da sauran shanun kudu. Ya karɓi shanunmu ya mayar cikin nasa. Amma ya gaya wa Babba kada ya sa rai da baɗi, ƙafarsa ta gaji, samarin kuma ba sa son hanyar da ake yi musu kallon ɓarayi. Dija ta kawo nono, muka zauna muka yi ta zancen jikoki da ciwon gwiwa, ba wadda ta ta da maganar gona. A cikin gari kuwa akwai waɗanda gaisuwarsu ta gajarce, har matan da muka yi shekaru muna daka tare.

Shekara tara ta cinye abubuwa da yawa na Malam. Rigunansa an rabar, rumbun da ya gina ya rushe an yi wani, zanar da ya saƙa mini ta daɗe da zama toka. Muryarsa ma ta fara ɓace mini, sai in yi ta ƙoƙarin tuno yadda yake cewa Madan in kasa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Al'adar barin karan ita ma mai yiwuwa ba za ta kai jikokinmu ba. Ban rubuta wannan don in ce wa kowa ya sauki baƙo a gonarsa ba, kowa ya san abin da yake tsoro. Na rubuta ne don na daɗe ina zaton abin da Malam ya bar mana gona ce da 'yan shanu da sunan kirki. Bana na ga ya bar wani abu a cikin yaron nan wanda tsoro ya danne amma bai kashe ba, ni kuwa da duk faɗana ba ni na sa masa shi ba. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya kai haske kushewarsa.

Ranar da Babba ya kai amalanken farko ya dawo, ina bakin zaure. Mu ba ma yabon ɗan fari, don haka ruwa kawai na miƙa masa. Ya sha, ya goge baki, bai dube ni ba ya ce, "Inna, kin san ko akuya ta ɓata cikin garin ga, ƙofarmu za a zo."

Na ce na sani.

Ya ce to. Ya miƙo mini kofin, ya kora jakin bayan gida ya fara loda na biyu.